Zogale da Lalle: Bukatunsu da Amfaninsu

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa lungunan Daurawa da hantsi, ko ya bi ta Gyaɗi-Gyaɗi zuwa kasuwar Tarauni, da wuya ya kai inda za shi bai ci karo da mai tallan kwaɗon zogale ba. Idan kuwa jajiberin Sallah ne, ko ana hidimar biki a unguwa, zai ga hannuwa da ƙafafun mata sun sha lalle. Tsirran nan biyu sun shiga rayuwar Bahaushe har ya daina lura da su, alhali kuwa wurin shuka su sai raguwa yake yi. Unguwannin nan da a da gonaki ne a bayan ganuwa yanzu gine-gine sun cinye su. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Tarauni tana da mutum 221,367 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 28 kacal. Abin da ya rage wa mai son shuka shi ne gindin katanga, da tsakar gida, da harabar makaranta, ga kuma ruwa da yake zama abin saye da rani.

Saboda haka tambayar da ke gaban malami da ɗalibansa ita ce: idan fili kaɗan ne, ruwa kuma kaɗan, wanne za a shuka, a ina, kuma don me? Wannan darasi zai kwatanta tsirran biyu ta fuskar ƙira, da bukatun girma, da amfani, da kuma haɗarin da ke tattare da kowannensu.

Tsiron shekara ɗaya da tsiro mai daɗewa

Masana ilmin tsirrai sukan raba tsirrai masu fure gwargwadon tsawon rayuwarsu. Gero da gyaɗa da wake suna tsirowa, su yi fure, su ba da 'ya'ya, su mutu, duk a damina ɗaya. Waɗannan su ne tsirran shekara ɗaya. Akwai kuma waɗanda suke rayuwa shekara da shekaru, suna fure suna 'ya'ya ba tare da an sake shuka su ba. Su ake kira tsirrai masu daɗewa, kuma zogale da lalle duk a cikinsu suke.

A ƙasar Kano babbar matsalar tsiro mai daɗewa ita ce rani. Ruwan sama yakan sauka ne daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta, sannan a yi wata bakwai ko fiye babu ko ɗigo. Gero yana tsere wa rani ta hanyar zama ƙwaya a rumbu. Tsiro mai daɗewa kuwa tilas ya tsaya a inda yake, ya sha hunturu, ya sha bazara. Yadda kowane ɗaya daga cikin tsirran biyu yake yin wannan jimiri shi ne mabuɗin fahimtar bambancinsu.

Asali da ƙira

Sunan zogale na kimiyya Moringa oleifera. Masanin nan na Faransa, Lamarck, shi ya raɗa masa shi a 1785. Kalmar farko ta samo asali daga harshen Tamil na kudancin Indiya, ta biyun kuwa Latinanci ce mai nufin abu mai ba da mai. Asalinsa arewacin Indiya ne, a gindin duwatsun Himalaya, kuma yana cikin wani ƙaramin rukuni mai nau'i 13. Hausawa suna kiransa zogale, ko zogalagandi, ko bagaruwar Makka. Yakan kai tsawon mita 10 idan an bar shi, amma itacensa garas ne, iska mai ƙarfi takan karya rassansa. Abin da jama'a suke ɗauka reshe ne mai ƙananan ganyaye, a wurin masana ganye ɗaya ne da ya rarrabu har hawa uku. Furensa fari ne mai ratsin rawaya, mai kunnuwa biyar da ba su yi daidai da juna ba. Daga furen sai dogon kwanso mai kusurwa uku ya fito, wanda yakan kai santimita 20 zuwa 45, cike da iri mai fukafukai uku kamar takarda. Wannan kwanso yakan sa ɗalibi ya zaci zogale dangin wake ne. Ba haka ba ne: saiwarsa ba ta da ƙulle-ƙullen nan da suke tara sinadarin naitirojin a ƙasa kamar na wake da gyaɗa.

Shi kuwa lalle sunansa Lawsonia inermis. Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ne ya sa masa shi a 1753, don girmama abokinsa Isaac Lawson, wani likita ɗan Sikotland. Kalma ta biyu tana nufin marar makami, watau marar ƙaya, ko da yake tsohon lalle yakan yi ƙananan rassa masu tsini a baki, kamar yadda duk wanda ya taɓa ratsa shingensa ya sani. An daɗe ana amfani da shi a Arewacin Afirka da ƙasashen Larabawa da Indiya, tun zamanin tsohuwar Masar. Ba ya miƙewa da ganga ɗaya kamar zogale. Yakan yi rassa barkatai tun daga gindi, ya kai mita 2 zuwa 6. Ganyensa ƙanana ne, suna fitowa biyu-biyu suna kallon juna. Furensa ƙanana ne ƙwarai, farare ko masu ɗan ja, suna fitowa a dunƙule, kowanne da kunnuwa huɗu da sassan namiji takwas, ga ƙamshi mai ƙarfi. 'Ya'yansa 'yan ƙwallaye ne da ba su kai ƙwayar wake ba, amma kowanne yana ɗauke da iri sama da 30. Itacensa mai tauri ne.

Bukatun girma

Zafi da hasken rana. Dukansu 'yan rana ne, ba sa yin kyau a inuwar gini ko ta babbar bishiya. Zogale ya fi walwala tsakanin digiri 25 da 35 na ma'aunin Salshiyas. Lalle ya fi shi son zafi, domin ganyensa ya fi tara rini tsakanin digiri 35 da 45. Ke nan bazarar Kano, lokacin da zafi yakan kai digiri 40 a watan Afrilu, ba ta cutar da shi. Sanyi ne abokin gabarsa: ba ya jin daɗi idan ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 11, yakan mutu kuma a ƙasa da digiri 5. Hunturun Kano bai cika kashe shi ba, sai dai ya rage masa girma. Dukansu biyu sukan zubar da ganye idan rani ya tsananta, wanda dabara ce ta rage asarar ruwa ta kofofin ganye.

Ruwa. Zogalen da aka shuka da iri yana tura babbar saiwa ƙasa, mai kauri kamar rogo, inda yake ajiye ruwa da abinci. Da ita yake cin rani. Amma a lura: rayuwa daban, ba da ganye daban. Zogalen da ba a yi wa ban-ruwa ba zai rayu, sai dai zai tsaya tsirara a daidai lokacin da ganye ya fi tsada a kasuwa. Shi ya sa manoman kwarin Gulbin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, waɗanda suka shahara da noman zogale, suke haɗa shi da ban-ruwa. Lalle idan ya kama ƙasa ya fi haƙuri, kuma tun da busasshen ganyensa ake bukata, ana iya girbe shi a ƙarshen damina a ajiye.

Ƙasa. A nan bambancin ya fi fitowa fili. Zogale yana son jigawa, ƙasa mai rairayi wadda ruwa yake ratsawa da sauri. Idan ruwa ya kwanta a gindinsa kwana da kwanaki, saiwar takan rasa iska ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, bishiyar ta mutu. Unguwannin da magudanan ruwa sukan toshe a watan Agusta dole su kula da wannan. Lalle ba shi da zaɓe sosai: yana yi a tsakuwa, yana yi a rairayi, yana kuma jure ƙasa mai laka fiye da zogale. Dukansu suna amfana da ruɓaɓɓen takin dabbobi, amma zogalen da ake yawan tsinkar ganyensa ya fi bukatarsa, domin duk ganyen da aka cire ya tafi da sinadaran da tilas a mayar wa ƙasa.

Shuka da kulawa. Irin zogale ba shi da wahala. Ana binne shi zurfin santimita 2, ya tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu, sai dai ƙarfinsa yana raguwa idan ya shekara a ajiye. Ana kuma iya kafa reshe mai tsawon mita ɗaya ya kama, amma irin wannan ba ya yin babbar saiwar nan mai zurfi, don haka bai kai na iri jure fari da iska ba. Irin lalle kuwa yana da ɓawo mai tauri. Sai an jiƙa shi kwana uku zuwa bakwai ana sauya ruwa, sannan a yafa shi a wurin reno kafin a dasa. Saboda wannan jinkiri ne mutane suka fi son dasa yankan reshensa.

Zogale yana iya kai mita 3 ko fiye a shekararsa ta farko, ya yi fure kafin ya cika shekara. Wani nau'i mai suna PKM-1, wanda Jami'ar Aikin Gona ta Tamil Nadu a Indiya ta fitar a 1989, an samar da shi ne don ya yi 'ya'ya da wuri, kuma ya bazu har Afirka ta Yamma. Wannan saurin girma yana bukatar wuƙa: idan ya kai kamar mita ɗaya sai a datse kansa don ya yi rassa, in ba haka ba ya miƙe kamar gora, ganye ya fi ƙarfin hannu. Awaki suna sonsa ƙwarai, tsutsar ganye da gara kuma sukan addabe shi. Lalle yana tafiya a hankali, amma yana son aski. Yawan datse shi yana ƙara masa duhu, har ya zama shingen da akuya ba ta iya kutsawa cikin sauƙi.

Amfanin zogale

Babban amfanin zogale abinci ne. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na nauyin busasshen ganyensa furotin ne, watau sinadarin gina jiki. Yana kuma ɗauke da kalsiyam, da sinadarin ƙarfe da jini yake bukata, da karotin wanda jiki yake mayarwa bitamin A, mai kare ido da ƙarfafa garkuwar yara. Ɗanyen ganyen yana da bitamin C, amma doguwar dahuwa da zubar da ruwan dahuwar suna tafiya da mafi yawansa. Shanya a rana tsaka kuma tana lalata karotin, don haka a inuwa ake busar da shi.

Kwaɗon zogale misali ne na hikimar girki da kimiyya ta gaskata. Karotin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, ga shi kuwa ana kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ɗanyen tumatir da ake yankawa a kai yana kawo bitamin C, wanda yake taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe. Ƙuli-ƙulin kansa ƙarin furotin ne.

Duk da haka ya kamata ɗalibi ya yi lissafi. Babban cokali ɗaya na garin zogale bai wuce giram 8 ba, kashi ɗaya bisa huɗunsa kuwa giram 2 ne kawai na furotin. Ke nan zogale mataimaki ne ga tuwo da wake da gyaɗa, ba ya maye gurbinsu. Haka nan gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane game da ciwon sukari da hawan jini ƙanana ne, ba su kai a ce wa majinyaci ya ajiye maganin asibiti ba. Saiwa da ɓawon bishiyar kuma suna da sinadarai masu guba idan an sha da yawa, kuma mace mai ciki ta nisance su.

Irin zogale yana da mai kusan kashi 40 cikin 100, mai daɗewa bai lalace ba, ana amfani da shi a girki da man shafawa. Abin da ya fi ba da sha'awa shi ne yadda irin yake kwantar da laka a ruwa. Ƙananan ƙwayoyin laka suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, suna ture juna, shi ya sa ruwan rafi yake daɗewa bai kwanta ba. Furotin da ke cikin irin zogale yana da kishiyar wannan caji, sai ya jawo su, su dunƙule, su yi nauyi, su nutse. Aikin da alam yake yi ke nan. Matan karkarar Sudan sun daɗe suna yin haka da ruwan Nilu, kuma masaniya Samia Jahn ta yi nazarin dabarar tasu a shekarun 1970 da 1980. A shekarun 1990 masana daga Jami'ar Lesta ta Ingila suka gwada ta a matatar ruwa ta garin Thyolo a Malawi.

Amfanin lalle

Lalle ba abinci ba ne. Darajarsa tana cikin wani sinadarin rini da ake kira lawson, wanda bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na busasshen ganye ba. Ganyen da bai daku ba ba ya rina komai, domin sinadarin yana ɗaure da sukari a cikinsa. Sai an daka an kwaɓa da ruwa, musamman mai ɗan tsami kamar na lemun tsami, sannan yake sakuwa. Daga nan sai ya ratsa saman fata ya manne da keratin, furotin ɗin da ya gina fata da farce da gashi. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi ko'ina kaurin keratin, shi ya sa lalle ya fi kamawa a can. Ƙunshi da ganye ko leda, da zura hannu a zunguru kamar yadda iyaye mata suke yi a da, duk hanyoyi ne na riƙe danshi da ɗumi don rinin ya sami awannin da yake bukata. Launin yakan fara da ruwan lemo, ya yi duhu cikin kwana biyu, ya dushe cikin mako biyu zuwa uku yayin da fata take sabuwa. A farce kuwa yana nan sai farcen ya tsiro an yanke.

Bayan kwalliyar amarya da ta Sallah, ana rina gashi da gemu da shi, ana rina fata da ulu, ana kuma yin turare da furensa a Indiya. Garin Sojat na jihar Rajastan ya gina kasuwanci babba a kan noman lalle da fitar da garinsa zuwa ƙasashen waje. Busasshen ganyen ba ya lalacewa da wuri, wanda ya sa ya dace da mai ƙaramin jari.

Akwai gargaɗi biyu. Na farko, lalle na gaskiya ba ya yin baƙi. Abin da ake kira baƙin lalle yawanci an haɗa shi da sinadarin rinin gashi mai suna PPD, wanda yake kamawa cikin ƙasa da awa ɗaya, amma yakan jawo ƙaiƙayi da kumburi da ƙuraje masu ruwa, wani lokaci ya bar tabo. Wanda jikinsa ya taɓa ƙin sa yakan ci gaba da ƙin sa har abada. Na biyu, akwai waɗanda aka haifa da ƙarancin wani sinadari a jajayen ƙwayoyin jini mai suna G6PD. Gadonsa ake yi, ya fi bayyana ga maza, kuma yana da yawa a Afirka ta Yamma. Idan aka shafa wa jaririn da ke da wannan lalle a jiki, sinadarin lawson yana iya fasa ƙwayoyin jininsa, ya yi shawara, fitsarinsa ya yi duhu. Tun da ba a gane mai shi da ido, abin da ya fi shi ne kada a sa wa jarirai lalle. Idan kuwa aka ga waɗannan alamu, a garzaya asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya.

Wanne za a shuka?

Amsar tana ga wuri da bukata. Inda ƙasa take tudu mai rairayi, ga rijiya ko ruwan alwala da za a iya juyawa gindinsa, ga kuma kariya daga awaki, zogale ne ya dace, a jere da tazarar mita ɗaya idan ganye ake so, ko mita 3 idan iri ake so. Inda ƙasa take da laka ko tsakuwa, ko bakin iyaka inda ba mai ban-ruwa kullum, lalle ne ya dace, da tazarar kamar rabin mita. Makarantar da take da ɗan fili tana iya haɗa su: lalle ya zama shinge, zogale ya zauna a ciki. Sai dai lalle yana bukatar shekara biyu ko fiye kafin ya yi duhu, don haka a fara kare zogalen da ƙaya ko zana. Lokacin shuka shi ne da zarar damina ta kankama, domin saiwa ta sami wata uku na ruwa kafin rani.

Aikin gwaji

Gani ya kori ji. A cika kwalabe biyu masu lita ɗaya da ruwa mai laka daga wuri ɗaya. A ɓare busasshen irin zogale guda ɗaya, a daka farar ƙwayar ta yi laushi, a dama da ruwa kaɗan, a zuba a kwalba ta farko. Ta biyu a bar ta haka, ita ce ma'aunin kwatanci. A girgiza su duka da ƙarfi minti 1, a juya a hankali minti 5, a ajiye awa 2 ba motsi. A riƙa rubuta abin da aka gani kowane minti 30. Kada a sha wannan ruwa: irin zogale yana rage ƙwayoyin cuta tare da lakar, amma ba ya kashe su duka, sai an tace an tafasa.

Gwaji na biyu: a shuka irin zogale 10 da na lalle 10 waɗanda aka jiƙa, da wasu 10 na lalle da ba a jiƙa ba, a gwangwanaye masu huji a ƙasa. A ƙirga waɗanda suka tsiro kowace rana har mako uku.

Tambayoyi

1. Me ya sa zogalen da aka shuka da iri ya fi wanda aka kafa da reshe jure fari?
2. Bayyana dalilin da ya sa lalle ya fi kamawa a tafin hannu fiye da damtse.
3. Idan yaro ya ci babban cokali 3 na garin zogale, giram nawa na furotin ya samu?
4. Mene ne amfanin kwalba ta biyu a gwajin farko?
5. Zana taswirar harabar makarantarku, ka nuna inda ruwa yake kwanciya da damina, sannan ka zaɓi wurin kowane tsiro tare da hujja.